Daga Sarkin Dawa Zuwa Malamin Daji: Tarihin Gandun Namun Daji, Daga Ƙasar Panda

Garin Panda yana arewa da Keffi, cikin ƙaramar hukumar Karu ta jihar Nasarawa, a ƙasar Nyankpa, mutanen da Hausawa suka fi sani da Yeskwa. Ƙasa ce ta duwatsu da rafuka, inda doka da maje da ƙirya da kaɗanya suke a tudu, kurmi kuma yake bin bakin ruwa. Babu gandun daji na ƙasa a Panda, ba a kuma taɓa yin sa ba. Amma a irin wannan ƙasa ce mafi yawan namun dajin Nijeriya suka rayu, a bayan gari da gefen gonaki, ba cikin shingen gwamnati ba. Wanda yake son fahimtar yadda aka yi muka tashi da gandaye bakwai ko goma sha bakwai a takarda, alhali ɓauna da gwanki sun ƙaurace wa mafi yawan ƙasar, sai ya bi labarin tun daga lokacin da daji yake da masu shi a kusa da shi.

Abin da ya zo mana daga zamanin farko, labari ne na kaka da kakanni. Littafin tarihin sarakunan Kano ya kawo cewa Barbushe, wanda ya zauna a dutsen Dala, maharbi ne mai ƙarfin gaske, har ana cewa da sanda yake kashe giwa ya ɗauko ta a ka. An kuma ce akwai wani kurmi a wajen Jakara da mutanen wancan zamani suke tsarkakewa, ba mai kai masa gatari. Wannan almara ce, ba wanda zai rantse a kanta. Sai dai tana nuna abubuwa biyu da tarihi ya tabbatar daga baya: akwai giwaye a ƙasar Hausa, kuma tun fil'azal mutane suna ware wani yanki na daji su haramta taɓa shi. Irin wannan kurmi na tsafi da na kakanni ya daɗe a wurin ƙabilun tsakiyar Nijeriya, har yau ma matafiyi yakan ga dunƙulen manyan itatuwa tsaye a tsakiyar gonakin da aka share sarai, in ya tambaya a ce masa wurin ba a shiga.

Farauta ita ma tana da doka, ko da ba a rubuce take ba. Akwai sarkin dawa, akwai sarkin baka. Farautar gayya ta rani ce, bayan an kawar da amfanin gona. A buga gangar farauta, samari su fito da karnuka da gora da barandami, sarkin dawa ya faɗi dajin da za a shiga da ranar da za a shiga, kuma wanda ya fara jifa shi ke da nama ko da karen wani ne ya kama. Maharbi na gaske kuwa shi kaɗai yake tafiya. Yakan ɗaura kan burtu a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane, ya durƙusa yana rarrafe yana sara ƙasa da bakin tsuntsun, har barewa ta saki jiki ya kai inda kibiya za ta same ta. Mutumin da zai yi wannan wahala don dabba guda ba zai iya ƙarar da daji ba. Idan damina ta faɗi, kowa ya koma gona, namun daji su samu sararin haihuwa. Musulunci ya zo ya ƙara wa wannan tsari ƙarfi da hukuncin hima, wato filin da shugaba yake keɓewa don amfanin jama'a, da haramcin farauta da saran itace a haramin Makka da Madina. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi rubutu a kan hukuncin filayen da ba a raya ba, kuma hurumin gari da burtali da makiyaya duk suna da gurbinsu a tsarin ƙasar Hausa.

Kada a ɗauka wancan zamani aljanna ce ga dabbobi ko ga mutane. Wajen shekarar 1800 Abdu Zanga, Bafillace daga ƙasar Katsina, ya kafa Keffi, garin ya zama yana bin Zazzau. Cikin ƙarni na 19 hare-haren neman bayi daga Zazzau da Keffi da Nasarawa suka addabi ƙabilun wannan yanki, da yawa suka bar fili suka hau duwatsu. Gonakin da aka gudu aka bari suka koma daji, dajin ya cika da namu da ƙudan tsando. Wannan gaskiya ce mai ɗaci wadda masu tallan yawon buɗe ido ba sa faɗa: da yawa daga cikin dazuzzukan da Turawa suka tarar babu kowa, yaƙi da cuta ne suka kore mutanensu. A cikin Yankari har yau akwai tsofaffin matoyar tama, da rijiyoyin Dukkey da aka fafe a jikin dutse, da kogunan da mutane suka sassaƙa suka zauna. A gefe guda kuma kasuwar hauren giwa ta buɗe. Fatake suna sauko da haure daga Adamawa da ƙasashen Binuwai, hanyar da ta taso daga Zariya ta ratsa Keffi ta faɗa Loko a bakin kogi ta zama babbar hanyar fatauci. Ta Keffi ɗin ne Bajamushe Gerhard Rohlfs ya bi a 1867 yana neman Binuwai. Sannan wajen 1890 annobar shanu da Fulani suka yi wa laƙabi da Sannu ta share garkuna, ta haɗa da ɓauna da sauran masu kofato na daji.

A watan Mayun 1900 ƙasashen Turai masu mulkin mallaka suka taru a Landan suka sa hannu a wata yarjejeniya ta kare namun dajin Afirka. Babu ɗan Afirka ko ɗaya a teburin. Tunanin ware daji a hana kowa zama ya samo asali ne daga Amurka, inda aka kafa Yellowstone a 1872, bayan an ture jajayen Indiyawan da ke amfani da wurin. Shekara biyu bayan taron Landan, a 1902, Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney ya nufi Kano, abin da Gwamna Lugga ya riƙe cikin hujjojinsa na yaƙar Kano a 1903. Daga nan ikon daji ya fara tafiya nesa da masu zama a bakinsa.

A 1916 gwamnatin Legas ta fitar da dokar gandun daji da dokar kare namun daji. Dokar ta kasa dabbobi aji-aji, ta ce wasu ba a kashe su sam, wasu sai da lasin. A nan ne aka yi ɓarakar da har yau ba a ɗinke ba. Baturen da ya biya kuɗin lasin ya harbe giwa don nishaɗi ya yi abin da doka ta yarda. Maharbin da ya gaji sana'ar daga kakansa, in ya ɗana tarko don ciyar da gida, ya zama mai laifi. Sarkin dawa ya rage sarauta ce ta biki, aikin ya koma hannun malamin daji na En'e, mai kakin soja da littafin tara. Talaka ya fara ganin gandu a matsayin kayan gwamnati, abin da in ka samu dama ka ɗiba, tunda ba naka ba ne.

Su kansu Turawan ba su da baki ɗaya. Ma'aikatar daji tana son a bar kurmi, likitoci da malaman dabbobi suna son a sare shi saboda tsando mai kawo ciwon barci da sammore. A shirin Anchau na lardin Zazzau, wanda aka soma a ƙarshen shekarun 1930, an share bakin rafuka masu yawa, aka tashi ƙauyuka aka gina Takalafiya. Ba za a ce aikin banza ba ne, don ya ceci rayuka. Amma duk inda tsando ya ja da baya, shanu da garma sukan shigo, namun daji su matsa. Mafi yawan gandayen da aka yanka a wannan zamani don katako da itace da kare mafarin ruwa aka yi su, ba don dabbobi ba: Kamuku a ƙasar Birnin Gwari a 1936, Kogin Kano, wanda daga baya ya zama Falgore, a 1949, Sambisa a Barno a 1958. Ko bayan yarjejeniyar Landan ta biyu a 1933, wadda ta yi kira a kafa gandayen ƙasa, Ingila ba ta kafa ko ɗaya a Nijeriya ba, alhali Kwango ta samu nata tun 1925, Afirka ta Kudu ta samu Kruger a 1926, Faransa kuma ta ayyana gandun W na Nijar a 1954.

Gandun namun daji na farko na gaske a Nijeriya aikin gwamnatin Jihar Arewa ne. A 1956 ta amince a ware Yankari a ƙasar Bauchi, a 1957 aka yanka shi a ƙarƙashin En'en Bauchi, aka buɗe wa baƙi ranar 1 ga Disamba 1962, zamanin Sardauna. Ana faɗa cewa Alhaji Muhammadu Ngileruma, wanda ya riƙe ma'aikatar albarkatun ƙasa, ya ga irinsa a Sudan ne ya dawo da sha'awar. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne, kogin Gaji ya ratsa tsakiyarsa, kuma shi ne ran wurin, don in rani ya tsananta duk dabbar da ke dajin sai ta gangaro fadamarsa. A nan maɓuɓɓugar Wikki take, ruwa garai-garai yana fitowa daga ƙarƙashin wani jan dutse, ɗuminsa bai cika wuce digiri 31 ba dare da rana, farin yashi yana kwance a ƙasansa, gwaggon birai suna zaune a kan bishiyoyi suna jiran wanda zai yi sakaci da jakar abincinsa. Ɗaliban makarantun Arewa da yawa a Yankari suka fara ganin giwa da idonsu. A 1963 Arewa ta yi tata dokar namun daji, a 1965 ta yi dokar makiyaya. Da an riƙe ta biyun da gaske, da ta farkon ta fi samun sauƙi, domin makiyayin da aka nome masa burtali ba shi da inda zai nufa sai gandu.

Da aka ƙirƙiro jihohi a 1967, Keffi da Panda suka faɗa jihar Binuwai-Filato. Gwamnanta Joseph Gomwalk mutum ne da ya karanta ilimin dabbobi, kuma a zamaninsa, a 1972, aka kafa gidan namun daji na Jos da gandun Pandam a kan hanyar Lafiya zuwa Shendam, mai tafki da dorina da ayu. Gandun ƙasa na farko kuwa sai a 1979, lokacin da gwamnatin soja ta haɗa gandun Borgu da na Zugurma ta kira su gandun Tafkin Kainji, mai faɗin murabba'in kilomita sama da 5,000, kusa da madatsar ruwan da aka gama a 1968. Shekara guda kafin kafa wannan gandu, dokar filaye ta 1978 ta danƙa dukkan ƙasa a hannun gwamnoni. Daga nan gandun da En'e ta tsare shekara da shekaru ya zama abin da sa hannun mutum ɗaya zai iya mayarwa gona ko fuloti.

Shekarun wannan zamani masu tsanani ne. Farin 1973 da na 1984 sun turo makiyaya da manoma kudu, zuwa irin ƙasar Keffi da Lafiya mai ruwa. Annobar shanu ta dawo a 1983 ta kashe ɓauna da yawa a Yankari. Bindiga ta yawaita bayan yaƙin basasa, fitilar goshi ta maye gurbin kan burtu, mota ta sa naman daji ya zama hajar birni. Gwamnati ta mayar da martani da dokoki: ta 1985 a kan cinikin dabbobin da ke shirin ƙarewa, sannan doka mai lamba 36 ta 1991, wadda ta kafa hukumar gandayen ƙasa ta ƙara guda biyar, wato Yankari, da na Tafkin Chadi, da Gashaka-Gumti, da Kuros Riba, da Tsohuwar Oyo. Gashaka-Gumti ne mafi girma, ya haura murabba'in kilomita 6,000 a tsakanin Taraba da Adamawa, a cikinsa dutsen Chappal Waddi yake, mafi tsawo a Nijeriya, mita 2,419. A 1999 aka ƙara Kamuku da Okomu suka zama takwas. A 2006 jihar Bauchi ta karɓi Yankari, suka koma bakwai.

Ga mutanen Panda, abin da ya fi muhimmanci a 1991 ba wannan doka ba ce. Ranar 12 ga Disamba ta shekarar ne Janar Babangida ya tare a Abuja. Birnin ya yi wa masu ƙaramin ƙarfi tsada, sai suka kwararo ƙasar Karu: Mararaba, Masaka, Ado, Sabuwar Nyanya, har aka wayi gari tsakanin Abuja da Keffi kusan gari ɗaya ne. Jihar Nasarawa da aka ƙirƙira ranar 1 ga Oktoba 1996 ta tashi da wannan nauyi a wuyanta. Jama'a mai wannan yawa tana bukatar katakon rufi da yashi da doya da nama, uwa uba tana bukatar abin girki. Duk lokacin da kananzir ko gas ya yi tsada, daji ne ke biya.

Yadda ake yin gawayi ya isa ya nuna girman abin. A kayar da ƙirya ko maje ko kaɗanya da injin yankan itace, a daddatsa, a jera gumagumai a tsibe su, a rufe da ɗanyen ganye da ciyawa, a bi da ƙasa a toshe ko'ina sai 'yan ƙofofin shan iska. A cinna wuta a bar ta tana ci a hankali kwana da kwanaki, mai aikin yana kewayawa yana toshe inda ta ɓulle. In ta huce a tone, a cika buhuna, a ɗinke bakinsu da ganye, a fito da su bakin titi. Itacen da ya yi shekara hamsin yana tsaye ya tashi a buhu kaɗan. Ba na ganin laifin mai toyawa shi kaɗai, don sau da yawa kuɗin makarantar yara ko na asibiti yake nema. Amma saran kaɗanya da ɗorawa ya fi komai ciwo, domin mata ne ke rasa man kaɗe da daddawar da suke samu kowace shekara, saboda kuɗin da namiji zai kashe cikin mako guda.

Wajen 2013 wata masifa ta sake faɗowa, wato neman madobiya da kasuwar Sin ta yi don kayan ɗaki. 'Yan katako suka bi ta daga kudu maso yamma zuwa Kogi, zuwa Taraba da maƙwabtanta, har bakin Gashaka-Gumti, ana loda ta a kwantena. A 2017 aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta CITES take sa wa ido, a ƙarshen 2018 aka dakatar da Nijeriya daga fitar da ita. Kafin nan an riga an ci mafi yawan manyan.

Abin da ya fi kowanne muni shi ne yadda gandaye suka zama maɓoya. Dajin da aka fitar da mutanensa, sannan gwamnati ta kasa biyan masu gadinsa, ba zai zauna babu kowa ba. Sambisa, inda a da ake zuwa kallon giwa da jimina, ya shiga bakin duniya bayan sace 'yan matan Chibok a watan Afrilun 2014. Kamuku da Kuyambana da dajin Rugu suka zama sansanin ɓarayin shanu da masu satar mutane. Falgore sai da sojoji suka mayar da shi filin atisaye a 2017. Gandun Kainji ma 'yan bindiga sun shige shi. Yau in aka ce daji a Birnin Gwari ko Batsari, ba gwanki ke zuwa ran mutum ba. Zakunan da suka rage a Nijeriya, a Kainji da Yankari, masana suna ganin ba su kai hamsin ba. Ungulu ma, wadda da ba a rasa ta a kowace mahauta, ta yi wuyar gani.

Duk da haka akwai wuraren da aka ga haske, kuma duk abu ɗaya suka yi tarayya a kai. A Kure ta Nijar, gabas da Yamai, raƙuman dawa na ƙarshe a Afirka ta Yamma sun ragu zuwa kusan 50 a 1996. Ba shinge aka yi musu ba, a cikin gonakin wake da gero suke yawo. Aka jawo mutanen ƙauyukan, aka horar da 'ya'yansu jagorancin baƙi, aka haƙa rijiyoyi, aka ba da rance. Raƙuman suka haura 600, har a 2018 aka ɗebi wasu aka mayar gandun Gadabeji na jihar Maraɗi, kodayake harin da ya kashe mutum takwas a Kure a Agustan 2020 ya durƙusar da zuwan baƙi. A ƙasar Maraɗin dai, tun tsakiyar shekarun 1980 manoma suka koma barin tohon gawo da sauran itatuwa a gonakinsu suna yi musu sassabe, da suka tabbata itacen nasu ne ba na malamin daji ba, har miliyoyin kadada suka sake yin kore. A Yankari, da ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta karɓi kula da sintirin masu gadi a 2014, ta biya su alawus a kan kari, ta ɗauki mutanen ƙauyukan kewaye su riƙa ba da labarin motsin giwaye don kada su faɗa gonaki, an yi shekaru bayan 2015 ba a tsinci gawar giwar da aka harbe ba. Giwayen da suka saura can ba su wuce ɗari da 'yan kai ba, amma suna nan. A Gashaka-Gumti ma, tun 2017 wata ƙungiya ta 'yan Nijeriya, ANI, ta shiga yarjejeniya da hukumar gandaye tana ɗaukar masu gadi daga garuruwan yankin.

A Disambar 2020 gwamnatin Shugaba Buhari ta sanar da amincewa da ƙarin gandayen ƙasa goma, cikinsu har da Falgore a Kano, Kogo a Katsina, fadamun Haɗeja a Jigawa, Pandam a Filato, da Marhai a ƙasar Wamba ta jihar Nasarawa, yankin da ruwan Farin Ruwa yake zubowa daga tsaunukan Filato. Wannan ne karo na farko da sunan Nasarawa ya shiga jerin. A Oktoban 2023 gwamnati ta ƙona tarin ɓawon dankunya da aka kama, a Janairun 2024 ta niƙe hauren giwa tan biyu da rabi a Abuja. Waɗannan ayyuka ne masu kyau, kuma na yi murna da su. Amma tsakanin Marhai da Panda akwai tafiya mai nisa, kuma duk ƙasar da ke tsakaninsu ba ta cikin lissafin kowace hukumar gandu. Abin da ya rage na daji a can, kurmin bakin rafi ne da gindin duwatsu da wuraren da dattawa suka hana shiga, kuma masu iko da su a zahiri su ne masu unguwanni da hakimai da ƙungiyoyin maharba, waɗanda a yau gwamnatoci suke nemansu don aikin tsaro kawai. Su ne suka san rafin da gada take sha, da kogon da beguwa take kwana, da wanda ya shigo da injin yankan itace daren jiya, kuma har yanzu babu dokar gandu da ta ba su gurbin da dokar 1916 ta ƙwace.